3.4 Hanyoyin Samun Ƙwarewa a Sana'ar Wankin Kafet a Unguwar Mabera

Bayan an yi bayanin kayan aikin wannan sana'a a sashen da ya gabata, a nan za a duba yadda mai wankin kafet yake samun ƙwarewa. A Mabera, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Sakkwato ta Kudu, galibi a wuraren wankin mota ake wannan aiki, domin nan ne ake da ruwa da daɓen siminti da injin feshi. Sana'ar ba ta da makaranta. Ana koyon ta ne ta hanyoyi biyu: zama ƙarƙashin ubangida, da kuma ɗaukar dabara daga abokan sana'a.

3.4.1 Koyo Daga Ubangida

Yaro yakan fara ne da ɗiban ruwa da kakkaɓa da shanya. Ba a raina kakkaɓa, musamman a lokacin hunturu, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, saboda idan aka jiƙa kafet da ƙurarsa, ƙurar takan zama laka ta shige gindin zare. Daga nan sai a nuna masa bambancin zaren ulu da na roba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin ruwan bilic irin su Hypo yana cinye ulu, yana kuma ƙoƙe launi. Haka kuma akan koya masa ya jiƙa farin ƙyalle ya goga a gefen kafet kafin ya soma wanki. Idan launi ya fito a ƙyallen, to kafet ɗin yana zuba.

3.4.2 Koyo Daga Abokan Sana'a

Babu ubangidan da ya gamu da kowane irin tabo. Saboda haka masu sana'ar sukan ƙaru da juna a wajen hira, da kuma gab da Sallah, lokacin da aiki kan yi wa mutum yawa har ya nemi maƙwabcinsa ya kama masa. Daga cikin dabarun da ake samu ta wannan hanya akwai:

(a) Tabon manja: a fara kankare shi da cokali, a sa sabulu, sannan a zuba ruwa, tun da mai da ruwa ba sa haɗuwa.

(b) Tabon jini: da ruwan sanyi ake fid da shi, domin ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama zare.

(c) Ɗauraya: omon da ya saura a jikin kafet yana sa danƙo, danƙon kuma ya riƙa kama ƙura, har mai kaya ya zaci ba a wanke ba.

(d) Shanya: a bazara, tsakanin Maris da Mayu, zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, don haka a kife ake shanyawa kada rana ta ci launi. Da damina kuwa, wanda aka naɗe da laima yakan yi wari da funfuna.

A yau matasan cikinsu suna ƙarawa da kallon bidiyon ƙwararrun ƙasashen waje a YouTube. Sai dai mai hankali yakan gwada dabarar a tsohon kafet tukuna.

Dalilin duk wannan shi ne, kafet amana ne. Wanda ya ɓata kafet ɗin amarya ko dardumar masallaci, daga aljihunsa zai biya, sunansa kuma ya ɓaci a unguwa. Akwai masu ɓoye dabararsu don tsoron a janye musu abokan ciniki, amma irin waɗannan da dukiyar mutane suke yin gwaji. Mai tambaya kuwa yana ɗaukar darasi daga asarar wani, kamar yadda Hausawa ke cewa, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.