Ko Ka Sani? Babban Kare Ma Yakan Yi Baƙunta a Sabon Gida

Ko ka san cewa a birnin Landan akwai gidan da aikinsa shi ne samar wa karnukan da suka rasa masu su sabon wurin zama? Wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa shi a 1860, aka mayar da shi unguwar Battersea a 1871, kuma har yau yana aiki. Da yawa daga cikin karnukan da ake karɓa a can manya ne, sun riga sun saba da wani gida da wata murya. Mu ma a nan hakan na faruwa: mafarauci ya sayi kare a hannun ɗan'uwansa, ko mai gida ya tashi ya bar wa maƙwabci karen gadinsa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne irin ruɗewar da dabbar ke shiga a ranakun farko.

Kare da hanci yake gane duniya. Mutum na da ƙwayoyin jin ƙamshi kusan miliyan 6, wasu karnukan kuwa nasu ya kai miliyan 300. Ran da aka kawo shi sabon gida, duk warin da ya sani ya ɓace: na mai shi, na makwancinsa, na hanyar da yake bi. Shi ya sa za ka ga yana shinshina kowane lungu, ko ya maƙale a gefe ya ƙi cin abinci. Idan tsohon mai shi ya haɗo shi da buhu ko tsumman da yake kwana a kai, hankalinsa ya fi saurin kwanciya.

Masu kula da gidajen karnuka a Amurka suna da wani lissafi na kusan-kusan: kwana uku na firgici, mako uku na koyon tsarin gida, wata uku kafin ya ji nan ne gidansa. A farkon nan ne ya fi gudu don neman inda ya fito, saboda haka a rufe ƙofa, a riƙe shi da igiya in za a fita. Halinsa na gaskiya ma sai bayan makonni yake bayyana.

Kare yana faɗin damuwarsa tun kafin ya kai ga cizo. In ya cusa bindi tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, yana lasar baki ko yawan hamma ba don barci ba, tsoro yake ji. Kaɗa bindi ma ba kullum ne murna ba. Gurnani kuwa gargaɗi ne. Wanda ya doke shi don ya yi gurnani ya koya masa cizo ba sanarwa. A hana yara zuwa kusa da shi yana ci ko yana barci, a bar shi ya zo wurin mutane da ƙafarsa.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne makonni 3 zuwa 12 na farkon rayuwar kwikwiyo suna da tasiri a kan halinsa. Amma babban kare yana koyo har tsufansa, yakan ma fi kwikwiyo natsuwa. Ko sabon suna zai karɓa, muddin duk lokacin da aka kira ya zo ana ba shi ɗan abin taɓawa.

Cikinsa ma yana buƙatar sabo. A tambayi abin da yake ci a da, a sauya a hankali cikin mako guda don gudun zawo. Ragowar miya mai yawan albasa ko tafarnuwa tana lalata masa jini, cakulan da inabi guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya ji masa rauni a ciki.

Kafin komai, a kai shi wurin likitan dabbobi a duba kaska da tsutsar ciki, a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duk daga cizon kare ne. In cizo ya faru, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti ba tare da jiran alama ba.

Duk wanda ya karɓi kare, na gadi ne ko na farauta ko na kiwo, ya karɓi amana. Ruwa, inuwa, abinci a kan lokaci da haƙurin wata uku haƙƙinsa ne, kuma da su ake samun karen da zai tsare gida da zuciya ɗaya.