Ko Kun Sani? Yunwar Wuta Ke Sa Arduino Suma

A ce ɗalibi a Gada Biyu da ke Jos ya haɗa allon Arduino Uno da ɗan inji mai buɗe ƙofa. Injin na motsawa, allon ya suma, ya farfaɗo, ya koma farko. Nan take ɗalibin zai hau zargin umarnin da ya rubuta, alhali sau da yawa wuta ce ta gaza.

Ramin USB 2.0 na kwamfuta miliamfa 500 yake bayarwa, kowace ƙafar allon kuwa ba a so a ja fiye da 20. Inji idan zai tashi yakan zuƙe wuta da yawa lokaci guda, ƙwaƙwalwar allon, ATmega328P, kuma an saita ta ta sake farawa da zarar ƙarfin ya sauka ƙasa da volt 2.7. Sai a ba injin batirinsa daban, amma a haɗa baƙar wayar batirin da ta allon wuri guda. Batirin 9V mai kusurwa huɗu rago ne, balle da sanyin hunturun Jos.

A kuma duba liƙin dalma; wanda ya yi dishi-dishi yakan yanke wuta. Dalmar da aka saba, kashi 60 cikin ɗari kuza ce, irin wadda aka yi ta haƙa a Bukuru.