Hula Ɗaya, Hannu Biyar

Wanda yake son ganin adon unguwar Gwallaga ta garin Bauchi ya bari sai ranar Juma'a. Ya sami dakalin wani shago kusa da babban masallacin unguwar, ya hau, ya jira a idar da salla. Da 'yan agaji sun buɗe hanya jama'a sun ɓarko, abin da zai cika masa ido huluna ne, ɗaruruwa. Ga zanna, ga bama, ga damanga, ga tangaran. Wata shuɗiya da ratsin fari, wata ruwan ƙasa, wata ruwan goro an yi mata ƙananan gidaje kamar saƙar zuma. Da wuya ka ga biyu iri ɗaya sak. Kowa ya zo da tasa, ya ɗora ta a inda ba mai iya kauce wa ganinta.

Masallacin nan na 'yan Izala ne, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, kuma sunansa ya wuce unguwar, don da azumi daga sassan Bauchi daban-daban ake zuwa sauraron tafsiri. A irin wannan wuri ba wanda zai ɗauki fenti ya zana fuskar mutum ko ta doki a katanga ya kwana lafiya da maƙwabtansa. Shi ya sa wani abokina, ma'aikacin irin ƙungiyoyin nan masu ba da tallafi, ranar da na zaga da shi unguwar ya taɓe baki, wai shi bai ga fasaha ba, bai kuma ga sana'ar da ta haɗa kan mutane ba. A karatun da aka yi masa, sai an yi wa bango zane mai launi, an buɗe shago mai rajista da allon suna, sannan ake cewa unguwa ta haɗa kai. Ban ja da shi ba. Na dai dubi hular da ke kansa, na tambaye shi ko ya san hannu nawa ta bi kafin ta iso gare shi.

Hannun farko na mai zane ne. A zaure yake zama, gabansa farin yadi an yanka shi gida biyu: dogon ƙyalle na jikin hula, da zagayayye na samanta. Kayan aikinsa biro ne da rula. Zai ja layi tsaye da kwance har yadin ya koma ƙananan gidaje, sannan ya shiga fitar da fasalin da yake so, ba tare da ya duba wata takarda ba, don duk zanen a kansa yake. Yaran da ke zaune gefensa da jan layi suke farawa, sai sun daɗe kafin a yarda su fitar da fasali. Ba kuɗin koyo ake biya ba. Uban yaro ne zai riƙo hannunsa ya kawo shi, ya ce, "Malam, ga ɗanka nan," shi ke nan magana ta ƙare.

Daga zaure yadin zai shiga cikin gida, galibi a hannun wata yarinya, an naɗe shi da ƙullin zare a leda. A nan aikin gaskiya yake. Matar da za ta ɗinka takan jira sai ta sauke girki, ta yi la'asar, rana ta ja baya daga tsakar gida, sannan ta shimfiɗa tabarma. Ba ta cika zama ita kaɗai ba. Maƙwabciya za ta shigo da nata ɗinkin, amaryar gidan da ke kallonsu ta zo koyo, wata tsohuwa da idonta ya daina ganin kafar allura ta zauna tana gyara wake tana sa baki. Ana huda yadi, ana zagaye hudar da zare, ido bayan ido, sai an yi dubbai kafin jikin hula guda ya cika. Mai sauƙi takan ci makonni, mai cikakken aiki kuwa wata da watanni. A tsakanin huda da huda ake jin wadda ta haihu, da wadda mijinta ya kwanta asibiti, da gidan da aka kwana biyu ba a ga hayaƙi ya tashi ba. Da magariba sai ka ga kwanon tuwo ya fita daga wannan gida ya shiga wancan, a rufe, ba wanda ya ce komai. Ban san wani taron wayar da kai da ke yin rabin wannan aiki ba.

Kuɗin ɗinkin kuma ba ya kwana a lalita, adashe yake tafiya. Mata goma ko ashirin za su yarda da mace ɗaya, uwar adashe, kowace ta riƙa zubi duk mako, ɗaya ta kwashe, a juya har ya zagayo kan kowa. Ba takarda, ba shaida, sai dai kowa ta san gidan kowa, kuma wadda ta ci amana ba ta da inda za ta kai fuskarta ranar suna. Idan ɗiyar wata za ta yi aure alhali kwasarta da saura, akan roƙi mai layi ta yi haƙuri a musanya. A Bangaladash wani malamin jami'a, Muhammad Yunus, ya kafa bankin Grameen a 1983 a kan irin wannan tunani, wato a ba mata matalauta rance su biyar-biyar ba jingina, mutuncin juna ya zama jinginarsu, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2006. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan sirri. Nasu ma ya fi dacewa da unguwa irin Gwallaga, tunda babu ruwa a cikinsa, ba malamin da zai ɗaga murya a kai. Sai dai adashe yana da iyakarsa: abin da aka zuba shi ake kwasa, ko kwabo ba ya haihuwa. Da aka shiga ƙarancin takardar naira a farkon 2023, uwayen adashe da yawa sun koma karɓar zubi ta waya, tsofaffin da ba su da asusun banki suka dogara da jikokinsu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, zare ya tashi, yadi ya tashi, ladan ɗinki kuwa yana rarrafe a baya.

A nan ne nake da ƙorafi. Cikin hannu biyar ɗin da hula ke bi, wanda ya fi wahala shi ya fi samun kaɗan. Tela mai haɗa jiki da sama minti kaɗan yake yi a kan keke. Dillalin da zai jera hulunan a faranti ko a cikin gilashi shi ke yanka farashi. Matar da ta ƙare idonta da fitilar waya a daren da babu wuta ba ta ma san nawa aka sayar ba, kuma mai hular ba zai taɓa sanin sunanta ba. Ga hular inji ta cika kasuwa, mai araha, wadda daga nesa ba ka bambanta ta da ta hannu sai ka juya cikinta. Da a ce masu son taimakon unguwa za su ji shawara, da sun bar maganar sabon shago sun dubi wannan giɓi. Ƙungiyar adashe guda da za ta sayi zare a sari, ta kuma sami yaro amintacce da zai kai mata hula kasuwar Wunti ko ya ɗora hotonta a WhatsApp, ta riga ta yanke hannu biyu daga cikin masu cin guminta.

Sana'ar ta kuma yi wani aikin da ba a lissafa mata. Da Boko Haram suka kama garin Bama a watan Satumba na 2014, mutanen da suka tsere ba su fito da komai ba sai ransu da abin da hannunsu ya iya. Jihar Bauchi ta karɓi 'yan gudun hijira masu yawa daga Barno da Yobe, da dama kuma cikin unguwanni suka sauka, a gidajen 'yan'uwa ko na haya. Ga Babarbariyar da Hausarta ba ta nuna ba, allura ta isa gabatarwa. Ta zauna a tabarma ta ɗauki yadi, matan gida su ga irin matsewar idon ɗinkinta, gobe a aiko mata da yarinya koyo.

Akwai wani adon da ba ya fita titi sai ranarsa, wato allon sauka. Idan yaro ko yarinya suka sauke Alƙur'ani, akan kai sabon allo wurin mai zayyana, ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara da tawadar da aka haɗa da ƙaro, ya kewaye rubutun da zane ja da kore da ruwan ɗorawa, murabba'i cikin murabba'i, sarƙa cikin sarƙa. A da, da wannan allo ake zaga dangi gida-gida, kowa ya riƙe ya duba, ya sa albarka, ya ba da abin da ya sawwaƙa. Islamiyoyin zamani sun fi son takardar shaida a cikin firam da taron walima a ƙarƙashin rumfa, amma har yanzu akwai gidajen da in ka shiga ɗakin tsohuwa za ka tarar da allon ɗanta a rataye, ɗan da yanzu ya yi furfura. Duk mai cewa addini ya hana ado bai taɓa riƙe irin wannan allo ba. Surar mai rai ce aka guje wa, sai gwanintar ta koma cikin layi da kusurwa da harafi.

Inda abokina ya yi gaskiya shi ne bango. Bangon unguwa kam an yi sakaci da shi, kuma ba haka garin ya taso ba. Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi a 1809 ya kewaye shi da ganuwa, sunayen ƙofofinta irin su Wunti da Ran da Inkil da Jahun suna bakin mutane har gobe. Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'ar Zariya, hannunsa ya iso ƙasar nan: gidan Madaki da ke Kafin Madaki aikinsa ne, yana kuma cikin gine-ginen tarihi da gwamnatin tarayya ke karewa. Tun kafin su duka, wasu mutanen da ba wanda ya san sunansu sun bar zane a jikin duwatsun Geji da Shadawanka. Maginan ƙasa suna fitar da dagi da takobi a goshin zaure tun laka tana ɗanya, su shafe da makuba, su kafa zankwaye a sama, yadda mai wucewa zai san gidan wane ne ba sai ya tambaya ba. Wanda ya taɓa shiga unguwar Birni a Damagaram ya ga yadda abin yake in an riƙe shi.

Da bulo da siminti suka zo, maginin ya tafi da zanensa. Bangon ya zama na wanda ya riga kowa. Fastar ɗan takarar da ya faɗi zaɓe tun shekaru tana nan ta koɗe, an liƙa wata a kanta. Ga lambar wayar mai maganin basir, ga ta mai haƙa rijiyar burtsatse, ga gargaɗin nan da gawayi cewa ba a fitsari a nan. Abin dariya, fuskar mutum da aka ƙi a zana da fenti ga ta nan ta cika katanga da gam, ba mai cewa uffan.

Masu iya gyara wannan suna nan, aiki ne ya yi musu ƙaranci. Mai rubutun allon shago, wanda a da shi ke rubuta sunan kowane kanti da bayan kowace mota da buroshi, injin buga bana ya ƙwace masa kasuwa, yanzu sai ya wuni bai buɗe gwangwanin fenti ba. Samarin unguwa kuma sun san gayya, su ne ke fitowa da shebur su yashe kwata kafin damina, su ne ke haƙa kabari in an yi rashi. Bauchi ba baƙuwar samari masu haɗa kai ba ce: a farkon shekarun 1940 a garin nan Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zaman tattauna al'amuran jama'a, zaman da ya zama ɗaya daga cikin tushen siyasar Arewa. Majalisar shayi ta yau jikar wancan zama ce, ko da rabin hirarta ƙwallo ce da Wikki Tourists. Na sha tunanin ranar da majalisa guda za ta yi karo-karo ta sayi fenti, ta ɗauko mai zanen hula daga zaurensa da mai rubutun allo daga shagonsa, a ba su katangar wata Islamiyya, a ce su fitar da fasalin damanga a jikinta, babba, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na tabbata matar da ta ɗinka wannan fasali sau hamsin, in ta zo wucewa za ta tsaya, ta kuma gane inda suka yi kuskure.

Hannun da na bari a baya shi ne na mai wankin hula, don shi sai ranar Alhamis ake ganin darajarsa. Tun safe ya jiƙa, ya goge da buroshi da sabulu, ya tsoma a sitaci, ya ɗaura kowace a kan kututturen icen da aka sassaƙa daidai kai, ya jera su a rana layi-layi a bakin hanya. In sun bushe ya bi su da bugu har su ɗauki sheƙi, su tsaya ƙyam. Da la'asar yara za su fara zuwa karɓa. Wani ɗan yaro ya iso a guje ba takalmi, ya durƙusa ya ce, "Baba, wai a ba da ta Abba." Bai faɗi sunan Abban ba, bai zo da rasit ba. Mutumin ya ɗago ya dube shi, ya miƙa hannu cikin huluna sun fi sittin ya zaro wata ruwan toka mai ratsin baƙi, ya hure ta, ya sa a leda.

"Ka riƙe ta da kyau. Ka ce masa kuɗin sai ya fito masallaci, ka kuma gaida mai jiki."