Littafin da Balarabe ya kasa karantawa

A shekarar 1877 aka buga wani littafin fiƙihu a Santambul mai suna Bayanud Din. Baƙaƙensa na Larabci ne tun daga fari har ƙarshe, ga wasula ras kamar allon ɗan makaranta. Balarabe zai karanta nassin ba gargada, amma da ya shiga bayanin da ke biye sai harshe ya sarƙe. Baturke ma haka, duk da cewa a garinsu aka buga shi. To da wane yare aka yi bayanin?

Marubucin ne zaren farko. Sunansa Abubakar Effendi, malamin da Sarkin Daular Usmaniyya, Abdul'aziz, ya tura Cape Town a 1862 don ya karantar da Musulmin can, ya kuma raba musu gardama. Kakannin waɗannan Musulmi bayi ne da fursunonin siyasa da kamfanin Holan ya kwaso daga tsibiran Indunusiya da Indiya da Madagaska bayan ya kafa zango a wurin a 1652. Sai zato ya tafi ga Malayanci, tunda shi ma da ajami ake rubuta shi. Zaton yana da madafa: har yau a Cape Town ayaba piesang ce, "da yawa" kuma baie, duka daga Malayanci. Sai dai kalmomi ne jefi-jefi. Gangar jikin maganar ba ta Malayanci ba ce.

Dabarar ita ce a ɗauke ido daga baƙin, a karanta da murya. Nan take kunne zai fara tsintar die da is da nie, kayan Holanci zalla. An gano ke nan? Tukuna. Mutumin Amsterdam cewa yake ik ben, jij bent, hij is, aikatau yana sauya riga gwargwadon mai magana. A bakin mutanen Cape Town riga ɗaya ce: ek is, jy is, hy is, ons is. Holanci yana raba sunaye tsakanin de da het. A nan die ta wadatar da kowa da komai. Abin da ya wuce kuma, a sa het, a manna ge- a goshin aikatau: ek lees, ina karatu, ek het gelees, na karanta.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana wajen korewa, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature saurin ganewa. Ek praat nie Turks nie, wato ba na jin Turkanci. Nie biyu ne, ɗaya bayan aikatau, ɗaya ta rufe jimla, yadda muke cewa "ban tafi ba". Daidaitaccen Holanci sau ɗaya yake korewa. Masana suna ta ja-in-ja kan asalin nie ta biyun: wasu sun jingina ta ga kare-karen Holanci, wasu ga harsunan Khoekhoe, 'yan asalin yankin.

Wato yaren Afrikaans ne, wanda ya tsiro a madafa da gonakin inabi da tashar jiragen ruwa, inda bawa da ubangida da makiyayi dole su ji juna. A lokacin masu ilimin boko suna raina shi, suna kiransa Holancin madafa. Cocinsu sai Holanci. Malaman Bo-Kaap, unguwar Musulmin Cape Town, ba ruwansu da wannan ƙyama. Almajiri ya fahimci alwala da salla, shi ne damuwarsu, don haka suka rubuta abin da kunnensu ya ji, suka ari baƙaƙe kamar na ng daga ajamin Malayanci. Saboda wasulan nan ne masana a yau suke iya jin lafazin mutanen wancan zamani.

Sai a 1925 Afrikaans ya zama harshen hukuma a Afirka ta Kudu, cikakken Baibul da shi kuma sai 1933. A 1976 ɗaliban Soweto suka fito titi don ƙin a tilasta musu karatu da shi, suna ganinsa yaren masu wariyar launin fata. Har gobe kuwa mafi yawan waɗanda suka sha shi a nono ba fararen fata ba ne.