Tsuntsun da ke bin shanu a Gwiwa daga Turai ya zo

In ka taɓa kallon hotunan iyalan Kanada ko Siwidin a watan Yuli, ka ga uba da uwa da yara sun kafa tanti a bakin tafki, suna tattaki cikin daji suna leƙen namun jeji da madubin hangen nesa, wataƙila ka ce a ranka wannan harkar masu kuɗi ce, kuma ta Turawa. Da gaskiyarka ta wani ɓangaren. Amma akwai abin da hoton bai nuna maka ba: wasu daga cikin tsuntsayen da yaran nan ke nunawa da yatsa a Yuli, su ne za ka tarar a fadamun Jigawa a Disamba. Su suna ganinsu da tufafin aure, mu muna ganinsu da kayan aiki.

To bari mu fara da tambayar da ta fi sauƙi. Me ya sa su sai a tsakiyar shekara suke fita?

Duniya a karkace take zagaya rana, karkacewar da ta kai kusan digiri 23.5. Saboda haka a watannin Yuni da Yuli arewacin duniya ne ke fuskantar rana sosai. A can ƙuryar arewacin Finlan rana kan yi makonni ba ta faɗi ba. Ƙanƙara ta narke, ƙwari su ƙyanƙyashe da yawan gaske, tsuntsaye su samu abincin ciyar da 'ya'ya dare da rana, makarantu kuma suna hutu. Komai ya haɗu a lokaci guda. Mu nan Gwiwa da Roni da Kazaure muna kusa da tsakiyar duniya, tsawon yininmu bai cika bambanta ba, ratar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. Ruwan sama shi ke juya rayuwar dajinmu, ba tsawon yini ba.

Nan ne mai kwaikwayon Turawa ido rufe zai sha kunya. Dogon hutun makarantunmu yana faɗowa a Agusta, tsakiyar damina. Ciyawa ta yi tsawo ta rufe komai, ruwa ya kwanta a kowane kududdufi, dabba ba ta da dalilin zuwa wuri ɗaya ta sha, sauro ya yi yawa, hanyoyin ƙauye sun jiƙe, kuma kowa yana gona. Lokacin fitarmu shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, ruwa ya janye ya saura a wurare kaɗan. Duk mai rai dole ya zo inda ruwan yake. Ko a Yankari ta jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, da rani ne aka fi ganin giwaye da ɓauna, domin a lokacin suke taruwa a bakin kogin Gaji.

Baƙin hunturu

Ka je bayan gari da safe a watan Disamba inda shanu ke kiwo a fadama, ka bar kallon belbela, ka duba ƙasa kusa da kofaton shanun. Za ka iya ganin wani ɗan siririn tsuntsu mai rawayan ciki, yana gudu yana tsayawa yana kaɗa jela sama da ƙasa, yana cafke ƙwarin da saniya ta tayar. Nauyinsa bai kai giram 20 ba. Wannan ɗan mitsitsin a Turai aka ƙyanƙyashe shi, kuma da fukafukansa ya ƙetare tekun Bahar Rum da hamadar Sahara kafin ya iso gabanka.

Ta yaya? Da kitse. Kafin su tashi, irin waɗannan ƙananan tsuntsaye kan ci abinci ba ƙaƙƙautawa har wasu su kusa ninka nauyinsu. Kitse shi ne man tafiyar: giram ɗaya na kitse yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da giram ɗaya na sukari ke bayarwa, kuma idan jiki ya ƙona shi yana fitar da ruwa, abin da mai ƙetare hamada ya fi buƙata. Faɗin Sahara daga arewa zuwa kudu ya doshi kilomita 2,000. Yawancinsu da dare suke tafiya, lokacin da iska ta yi sanyi, suna daidaita hanya da taurari da kuma maganaɗisun ƙasa. A watan Maris da Afrilu kuma sai su sake yin wannan ƙibar a nan wurinmu kafin su koma. Ka ga ke nan itatuwa da fadamun yankinmu su ne gidan man ƙarshe kafin hamada.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu ba, har wasu malamansu na da suka ce tsattsewa a cikin laka take kwana har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu fari, ɗan'uwan shamuwa, a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa. Da shi ya yi tafiyar. Har yau yana ajiye a jami'ar Rostock.

Alaƙar ba ta tsaya ga labari mai daɗi ba. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka gano ƙarancin ruwan sama a yankinmu na Sahel ne ya kashe su. Farin da ya ci gaba har ya halaka dabbobin kakanninmu a farkon shekarun 1970, tsuntsaye ne suka fara kai labarinsa Ingila.

In kana son ganin baƙin nan da yawa a wuri ɗaya, zauna ƙarƙashin gawo. Ka san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore ya yi fure. Lokacin da sauran itatuwa suka tsaya tsirara, shi ke da inuwa da fure da ƙwari, don haka ƙananan tsuntsaye ke cika shi. Manomin da ya bar gawo a gonarsa saboda taki da abincin awaki yana ciyar da baƙi daga wata nahiya bai sani ba.

Shamuwa kuma akasin haka take yi. Ita 'yar Afirka ce, ba ta zuwa Turai. Tana isowa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiyar cikin gari, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsotsi, in ruwa ya ɗauke ta bi shi kudu har ta ƙetare tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka. Tsofaffin da ke cewa in ka ga shamuwa ka gyara fartanya ba camfi suke yi ba. Damina ɗamara ce ta hadari da ke hawa arewa ta sauka kudu kowace shekara, shamuwa kuwa ita take bi.

Ina za ka je?

Ba sai ka yi nisa ba a karon farko. Yankin Kazaure da Roni yana da abin da gabashin Jigawa ba shi da shi, wato tsaunuka. Gabas ƙasar yashi ce shimfiɗaɗɗiya, nan yamma kuwa tsohon dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa ne ya fito fili, dutsen da shekarunsa suka haura miliyan 500. Tuddan da kake gani sun tsaya ne domin sun fi abin da ke kewaye da su tauri, ruwa da iska sun cinye mai laushin sun bar su. Hawan ɗaya daga cikinsu da sassafe tare da yara ya isa tattakin yini. A kan hanya akwai kurege, ƙadangaru, hasbiya, cilakowa, in an yi sa'a a ji kukan kazar dutse. Bakin madatsar ruwan Kazaure kuma wurin zalɓe ne da sauran tsuntsayen ruwa.

Ka koya wa yaran karatun sawu, wannan ya fi komai riƙe hankalinsu. A je bakin ruwa kafin dabbobin gida su tattake wurin. Damshin yashi yana riƙe labarin daren jiya: sawun zomo, ƙananan tafukan bushiya, layin da guza ya ja da jelarsa a tsakanin ƙafafunsa. Dattijon maharbi ko makiyayi na ƙauyen ya fi mu masu bincike iya wannan karatun nesa ba kusa ba. Ka neme shi, ka ba shi ɗan abin goro.

In ka shirya doguwar tafiya, sai dausayin Haɗeja da Nguru. Gandun Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma yana cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa. Can za ka ga kirinjijiya da ɗinya, da agwagin daji da suka taso daga Turai da Rasha dubbai. Sai dai dausayin ba kamar da yake ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da shi ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, masunta da manoman shinkafa da tsuntsaye duk sun ji a jikinsu.

Abin da zai iya ɓata tafiyar

Na farko tsaro. Kada hoton intanet ya ruɗe ka ka ɗauki iyali ka kafa tanti a tsakiyar dajin da ba ka sani ba. Halin da dazukan arewa maso yamma ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Ka fara gaida dagaci ko mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka ɗauki ɗan gari. In za a kwana, a kwana a gefen ƙauye ko masaukin gandu. Mu kanmu in mun fita aikin ƙidaya haka muke yi.

Na biyu maciji, musamman kububuwa. Gajeriya ce, launinta ya saje da ƙasa, da dare take yawo, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Kowa ya sa takalmi sau-ciki, kada yaro ya cusa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin rami, kada a taka ƙasa da dare ba tocila, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti nan take ko da mutum ya ce ba ya jin komai, domin zubar jinin kan iya ɓullowa bayan sa'o'i.

Yara za su so su faɗa ruwa. Ka hana. Ruwan da ke kwance a madatsa da fadama yana ɗauke da ƙananan dodon koɗi masu yaɗa tsargiya, tsutsar kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Ruwan sha a taho da shi daga gida a jarka, fiye da yadda kake zaton za a buƙata, domin iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da ka ga gumi ba.

Sai sanyin dare, wanda mutane ke rainawa. Busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, don haka da rana ta faɗi ƙasa ke sakin zafinta sama. Mai kwance a ƙasa ta ƙarƙashinsa ya fi rasa ɗumin jiki, shi ya sa bargo ɗaya a kan tabarma ya fi biyu a kan mutum amfani. Wuta kuwa a kashe ta da ruwa ko ƙasa kafin a kwanta. Gobarar daji a watan Janairu ba ta jiran kowa.

Ka tafi da littafi da biro

Ga wata tambaya da za ka yi wa mahaifinka kafin ku fita: yaushe rabonsa da ganin ungulu a mahauta? A da ba a rasa su a kasuwar kowane gari. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka sani cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta don magani da tsibbu. Gauraka ma ta yi wuyar gani. Abin takaicin shi ne sun tafi ba wanda ya rubuta ranar da ya gansu na ƙarshe a garinsu.

Wannan giɓin kai ma za ka iya cike shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsawo da faɗi, masu sa kai suna shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser a waya. Ko ba ka kai ga manhaja ba, littafin makaranta mai shafi 40 ya wadatar. A rubuta kwanan wata, wuri, lokaci, sunan tsuntsun da Hausa ko Fulatanci in an sani, in ba a sani ba yaro ya zana shi ya faɗi launinsa. A ba ɗaya daga cikin yaran aikin rubuta ranar da shamuwar farko ta sauka a garinku bana, da ranar da ruwan farko ya biyo ta.