Ƙaya Ba Ta Hana Akuya: Tsaron Kaktus da Danginsa a Tukunya

Ranar da na sayi tukwanen farko a wajen wani mai sayar da furanni a bakin titi, cewa ya yi da ni: "Alhaji, waɗannan ba ruwansu da wahala. Ko wata guda ka yi ba ka ba su ruwa ba, suna nan daram." Bai yi ƙarya ba, amma bai gaya mini batun akuya ba. Kwana tara da jera su a gindin katanga, aka bar ƙofar gida a buɗe da hantsi, akuyar maƙwabta ta shigo. Na dawo na tarar da tukunya ɗaya a kife, yashi ya watse, kaktus ɗin nan mai faɗi kamar tafin hannu an gatsa masa gefe, ruwa mai yauƙi yana tsatsowa daga wurin cizon.

Yawancinmu gani muke ƙaya ta isa tsaro. Ba ta isa ba. A arewa maso gabashin Brazil da yankin Tigray na Habasha, irin wannan kaktus mai faɗi abincin dabbobi ne lokacin fari, makiyayan Texas a Amurka kuwa babbake ƙayarsa suke yi da wuta su bar shanu su ci. Akuyar da ta saba tsintar ganyen bagaruwa a tsakanin ƙayoyi ba za ta ji tsoron ɗan tsiron da bai kai kwano ba.

Abin da ya kamata mai shuka ya tambaya shi ne: me ya kawo dabbar? Sau da yawa ƙishirwa ce. Waɗannan tsirrai rumbun ruwa ne, jikinsu kusan duk ruwa ne a ƙunshe cikin fata mai kauri. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da komai ya bushe ƙayau, tsuntsu da ɓera da kurege sun san inda danshi yake. Idan ka ga ƙananan huji a kan ganye mai ƙiba kamar an soka tsinke, bakin tsuntsu ne. Idan gefe aka gwaguye da dare, har da sawun haƙora biyu a jere, ɓera ne ko gafiya. Maganin farko mai arha ne ƙwarai: kasko da ruwa, a ajiye can nesa da tukwane, a riƙa sauya ruwan kullum don kada sauro ya hayayyafa a ciki. Tun da na fara haka kurciyoyi suka koma kan kasko, suka ƙyale mini ganye.

Wasu kuma ba tsiron suke so ba, ƙasar suke so. Kaza tana tono ne don neman tsutsa, ko ta yi birgima a busasshen yashi. Kyanwa na ganin tukunyar yashi ta ɗauka an tanadar mata makewayi ne, fitsarinta kuwa yana ƙona saiwa. Macen ƙadangare kan haƙa rami a ƙasa mai laushi ta zuba ƙwai. Duk ukun magani ɗaya ke korar su: a rufe fuskar ƙasar da tsakuwa mai ɗan girma, kaurin kamar santimita 2 ko 3, har zuwa wuyan tsiron. Tsakuwar tana ƙara wa tukunya nauyi, tana kuma hana danshi zama a gindin tsiro, inda ruɓa ke farawa. A rage taki ma. Kashin shanu da yawan ruwa su ke kawo gwazarma, gwazarma kuwa ita ke kiran kaji.

Ga akuya da tunkiya babu dabarar da ta wuce nisa da shinge. Akuya tana miƙewa da ƙafafun baya, don haka duk kantar da ba ta wuce ƙirjin babban mutum ba, tata ce. Mafi kwanciyar rai shi ne keji na katako da ragar waya mai ƙananan idanu, wadda ɓera ba zai kutsa ba, a bar tazara yadda ragar ba ta taɓa tsiron. Kada a rufe da leda. Zafin rana zai dafa shi.

Tsofaffin faifan CD da zaren kaset da manoma ke ratayawa a gonar gero suna aiki, amma na 'yan kwanaki ne, tsuntsu ya gane babu komai sai ya dawo har ya sauka a kansu. Barkono kuwa, wanda mutane ke yawan ba da shawararsa, ba ya yi wa tsuntsu komai, domin tsuntsaye ba sa jin yajinsa ko kaɗan. Ɓera da kyanwa ne ke ji, ita kyanwar kuma yana iya shiga mata ido. Ni dai na fi son ɓawon lemo, da yake ba ta son ƙanshinsa. Shinkafar ɓera a tsakar gida mai kaji da yara masu rarrafe, wannan kam ba na ba kowa shawararta.

Akwai gefe na biyu da ake mantawa: wani lokacin dabbar ce ke buƙatar a tsare ta daga tsiron. Kaktus na ainihi daga nahiyar Amurka ya fito, illarsa mafi yawa ƙaya ce. Amma ƙerana da ake shinge da ita a ƙauyukan Filato, da tinya, da aguwar da ke kan iyakar gonaki daga Daura zuwa Damagaram, ba kaktus ba ne ko da wasunsu sun yi kama da shi. Alamarsu farin ƙaro mai kama da nono da ke fita idan aka karya su. Na tinya da ƙerana yana ƙona fata, ya shiga ido kuwa sai a wanke da ruwa mai yawa nan take a garzaya asibiti. Kariya, mai jan furen nan da ke fitowa da rani, tana ɗauke da dafi mai taɓa zuciya, har mafarauta a sassan Afirka sun yi dafin kibiya da ita. Aloe vera da moda ba su kai nan ba, amma suna sa kyanwa da kare amai da gudawa. Irin waɗannan su ya kamata a fara ɗagawa sama.

Idan ɓarnar ta riga ta auku, kada a yi gaggawar ba shi ruwa don tausayi. Ta wurin ciwon ruɓa ke shiga. A sa wuƙa mai tsabta a yanke inda aka tauna, a kai tukunyar inuwa mai iska, a bar wurin ya bushe har ya yi ɓawo, kamar mako guda. Tabon ba zai ɓace ba. Gutsuren da ya faɗi kuwa kada a zubar: shi ma a bar bakinsa ya bushe, sannan a dasa shi a busasshen yashi. Nawa da akuyar ta gutsire ta yar, haka na yi masa, na tokare shi da duwatsu biyu don kada ya faɗi. Kafin damina ta yi nisa ya fitar da sabon tafi ɗan ƙarami, kore shar, a can cikin keji.