In Tafkin Njuwa Ya Ƙafe, Ina Za A Haɗu?

Daga Wakilinmu a Yola

Duk wanda ya san Yola ya san garuruwa biyu ne ke amsa suna ɗaya. Akwai Yola ta cikin gari, inda fadar Mai Martaba Lamiɗon Adamawa take, wadda Modibbo Adama ya kafa cikin 1841. Akwai kuma Jimeta a bakin kogin Binuwai, kamar mil biyar daga can, wadda ta bunƙasa bayan Turawan Ingila sun ci Yola cikin 1901. Ta farko garin Filani ce, garin sarauta da malanta. Ta biyun kuwa garin kasuwa ce da ofisoshi, inda Bahaushe da Ibo da Bacama da Kilba da Margi ke gogayya da juna. Mutum na iya yin shekara goma a Jimeta bai taɓa cin tuwo a wani gida na cikin Yola ba.

A gefen Yola, cikin fadamar Binuwai, tafkin Njuwa yake kwance. A bakinsa ne mutanen da ba su saba zama tabarma ɗaya ba sukan haɗu, ran bikin su.

Kafin a gane muhimmancin wannan haɗuwa sai an waiwayi tarihi kaɗan. Tun kafin zuwan Filani da tuta, ƙasar nan ta Bata ce, waɗanda su da Bacama ke kiran kansu Bwatiye. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna Gurin, ya koma Ribaɗu, daga nan Njoboliyo, sa'an nan Yola. Ba da lalama aka yi wannan tafiya ba. Bata na dutsen Bagale, a hayin kogi, sun daɗe suna gagara, sai a zamanin ɗansa Lamiɗo Lawal aka ci su. Ba don tono muka kawo wannan ba, sai domin mai karatu ya san cewa jikokin waɗanda suka ja baka da jikokin waɗanda suka hau doki su ne ke tsayawa bakin ruwa ɗaya.

Bikin na ƙauyukan Bata ne, irin su Rugange da Njoboliyo da Dasin da Bagale, kuma da bazara ake yinsa, sa'ad da ruwa ya ja baya kifi ya taru wuri guda. Akan yi tseren kwalekwale da iyo da jan igiya, kafin masunta su afka ruwa da homa da gora. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda girma ke sauya mazauni a wannan rana. Basarake da rawaninsa, da babban ma'aikacin gwamnati da motarsa, duk 'yan kallo ne a kan tudu. Mai ranar shi ne masuncin nan da ke cikin laka har ƙirji, wanda in ranar kasuwa ce ba lalle a amsa gaisuwarsa da kyau ba. In ya fito da giwan ruwa, ba mai tambayar ko masallaci yake zuwa ko coci.

Mutanen Argungu sun san wannan tun tuni. Bikin sunsu ya samo asali ne cikin 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, aka binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Njuwa bai yi suna kamar Argungu ba, amma aikin da yake yi iri ɗaya ne.

Akwai kuma wata haɗuwa da ba a cika lura da ita ba, watau ta kaka da jika. Su ba a koyonsa a aji. Yaro sai ya bi tsoho cikin jirgi shekara da shekaru kafin ya san inda tarwaɗa ke ɓuya, ya bambanta motsin karfasa da na gargaza, ya iya ɗinke taru in ya yage. Cikin wannan zama ne yakan ji sunayen kifi da harshen gidansu, ya ji labarin wane da wane. Yau saurayin Rugange ya fi son ya tafi Jimeta ya ja keke Napep, kuma ba a ga laifinsa ba, don kuwa nan ne kuɗi yake. Sai dai in ya dawo gida da Hausa yake magana, kakansa na ba shi amsa da Batanci. Haka abin yake ma a gidajen Filani da yawa, inda Filatanci ke ja da baya a bakin yara.

To, ga shi tafkin kansa yana cikewa. Ruwan sama na kwaso yashi da laka yana jibgewa a ciki, noma da gine-gine sun matso bakinsa, wuraren da dā sai da jirgi yanzu gonaki ne. Tun da Kamaru ta gama madatsar Lagdo cikin 1982, cikar Binuwai ba ta bin tsohuwar al'adarta. Wata shekara fadama ba ta sha sosai ba, wata shekara kuma a saki ruwa ya cinye gidaje, kamar yadda aka gani cikin 2012 da 2022. Madatsar da aka ce za a gina a Dasin Hausa don tare wannan ruwa, shekaru sun shuɗe tana kan takarda.

Kada wani ya ce zancen kifi ne kawai. Mutanen Yola sun ga ranar sanin juna. A ƙarshen Oktoban 2014 da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta, akasarinsu kuwa ba sansani suka sauka ba, gidajen jama'a ne suka karɓe su. Ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa, wadda Jami'ar Amurka ta Nijeriya ta kafa tare da malaman Musulmi da na Kirista cikin 2012, ta yi ta rabon abinci. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa ga kowa, daga baya ma, cikin 2021, ya gina wa 'yan gudun hijira gidaje a Sangere-Marghi, har da masallaci domin Musulmin cikinsu. Waɗanda suka yi wannan aiki dattawa ne. Abin tambaya shi ne, yaran da ke tasowa yanzu, kowa a unguwarsu da makarantarsu da wayarsa, a ina za su san juna?

Taron ƙara wa juna sani a otal yana da amfaninsa, amma mai homa ba ya samun takardar gayyata. A ganina, abin da ya fi sauƙi shi ne a yashe tafkin, a shata iyakarsa, a tsayar da ranar biki kowace shekara, a kuma kwaso 'yan makarantun Yola da Jimeta a kawo su su gani da idonsu. Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama a nan Yola hedkwatarta take. Gwamnatin Jiha da Majalisar Lamiɗo ma duk a nan suke, daga fada zuwa Rugange kuwa ba tafiyar da za ta gajiyar da kowa ba ce.